Shafaƙin fashewar gama: yadda ake bin sa daga Bauchi kafin ya dushe

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba 2022, ana tsaka da hidimar Maulidi, da ƙarfe 2:17 na rana agogon Najeriya, wani haske ya daki tauraron ɗan'adam na Fermi har na'urorinsa suka kasa ƙirga shi. Hasken gama ne, wanda ido ba ya gani, wanda kuma ya fi eksire na asibiti ƙarfin ratsa abu nesa ba kusa ba. Ya yi shekara kusan biliyan 1.9 a hanya kafin ya iso. Aka sa masa suna GRB 221009A: GRB gajarcen "fashewar gama" ne da Turanci, lambobin kuma shekara ta 22, wata na 10, rana ta 9, harafin A kuma na nufin shi ne na farko da aka sanar a ranar. Tun da aka fara auna irin wannan fashewa ba a taɓa ganin mai haskensa ba.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne inda ya tsaya a sama. Yana cikin ɗan ƙaramin rukunin taurari da ake kira Sagitta, wato Kibiya, digiri kusan 20 arewa da ikwatar sama. Bauchi kuwa tana kan digiri 10 da ɗoriya, Gombe ma haka. Saboda haka a wannan daren, da an idar da Isha'i wurin yana kusan saman kai, bai kuma sauko ƙasa da digiri 30 ba sai wajen goma da rabi. Awa uku cur. Matsaloli biyu ne suka tare hanya: wata ya cika a daren, sannan wurin yana bayan ƙurar da ke cikin galaksinmu, wadda ta cinye mafi yawan hasken da ido ke gani. Duk da haka madubin hangen nesa mai faɗin santimita 25 ko 30 da kyamara mai kyau zai iya kama shi a jan haske, in damina ta bar sararin a buɗe.

Fashewar kanta ba ta daɗewa, daga ƙiftawar ido zuwa 'yan mintoci. Abin da ake bi daga ƙasa shi ne hasken da ke saura bayanta. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san shafaƙi, jan hasken da ke zama a yamma bayan faɗuwar rana, wanda ɓacewarsa ke shigo da lokacin Isha'i. Da wannan suna za mu kira shi, don ba mu ga kalmar da ta fi ta dacewa ba. Haka nan mai sauraron rediyo ya san gajeren zango, irin mita 49 da mita 31, da kuma matsakaicin zango. To haske ma zango gare shi: na rediyo ake aunawa da mita ko santimita, jan haske wajen nanomita 650, eksire ya gajarce ƙwarai, gama kuma ya fi kowa gajarta. Shafaƙin nan yana fitowa a dukkansu, amma ba lokaci ɗaya ba, ba kuma da saurin dushewa ɗaya ba. A nan karatun yake.

Dalilin haka yana cikin yadda abin ke faruwa. Idan cikin wani ƙaton tauraro ya rufta ya zama baƙin rami, wani ɓangare na kayansa yakan tsarto ta ƙuƙumman hanyoyi biyu, gaba da baya, da gudun da ya haura kashi 99.99 cikin ɗari na gudun haske. Faɗin wannan tsartuwa 'yan digiri ne kawai, kamar hasken tocila, sai ta saito mu muke ganin fashewar. Hasken gama daga cikin tsartuwar yake fitowa. Daga nan sai ta yi karo da iskar gas da ke kewaye, ta tara ta a gabanta tana turawa, ƙwayoyin ilektiron suna kewaya cikin ƙarfin maganaɗisu suna fid da haske. Tana tara kaya tana rage gudu, tana rage gudu ƙololuwar hasken tana gangarawa daga gajeren zango zuwa dogo. Shi ya sa eksire ke fara haskawa, hasken ido ya kai ƙololuwarsa cikin mintoci ko awoyi, rediyo kuma sai bayan kwanaki ko makonni.

An daɗe ba a san da shafaƙin ba. Taurarin ɗan'adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba don sa ido kan gwajin makaman nukiliya, su suka fara jin fashewar a 1967, aka bayyana wa duniya a 1973. Shekara ashirin da ɗoriya ana gardamar ko a kusa suke ko a nesa, domin na'urorin gama ba sa nuna wuri daidai. Sai ranar 28 ga Fabrairu 1997 tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya juya ya kama eksire yana dushewa bayan awa takwas, madubin William Herschel da ke tsibirin La Palma ya ga ɗigon haske a wurin. A watan Mayu na shekarar aka auna nisan wata fashewar, GRB 970508, aka tabbatar biliyoyin shekarun haske ne.

Wa ke ganin me

Gama da eksire ba sa ratso iskar duniya, sai daga sama. Swift, wanda aka harba ranar 20 ga Nuwamba 2004, shi ne jigon wannan aiki shekara ashirin. Na'urori uku gare shi. BAT, mai jin hasken gama, tana kallon kusan kashi ɗaya cikin shida na sama, idan ta ji fashewa sai ta ba da wuri cikin da'ira mai faɗin mintin kusurwa uku daga tsakiya zuwa baki (faɗin wata minti 30 ne, ka kwatanta). Tauraron ya juya da kansa cikin minti ɗaya ko biyu, XRT, mai ganin eksire, ta matse wurin zuwa sakan na kusurwa kaɗan, UVOT kuma ta duba da hasken ido. Faɗin madubin UVOT santimita 30 ne, bai fi wanda mutum zai kafa a tsakar gidansa ba. Swift yakan kama wajen 90 a shekara. Fermi, na 2008, yana kama fiye da 200, sai dai da'irarsa digiri-digiri ce, madubi ƙarami ba zai iya share ta ba. Kada ka ɓata darenka a kan sanarwar Fermi ita kaɗai, jira wani ya matse wurin.

Swift ya tsufa, a 2025 ma an ga yana ta saukowa daga falakinsa, saboda haka a haɗa da sababbin biyu: Einstein Probe na ƙasar Sin da aka harba a Janairu 2024, da SVOM na Sin da Faransa na Yuni 2024. SVOM an tsara shi ya riƙa juya wa rana baya, don fashewar da zai kama ta faɗo ɓangaren duniya da ke cikin dare. Wannan gata ne ga mai madubi a ƙasa.

Duk sanarwar nan ta hanya ɗaya take zuwa, GCN ta hukumar NASA, rajista kyauta. Iri biyu ce. Akwai wadda na'ura ke aikowa cikin sakanni, lambobi zalla: lokaci, wuri, faɗin da'ira. Akwai wadda mutane ke rubutawa bayan mintoci ko awoyi, suna faɗin abin da suka gani. Ta farkon ce ke tayar da kai daga barci, don haka a ware mata ƙara ta daban a waya, ko a rubuta ɗan shirin Python a kwamfuta da zai tace, ya buga ƙararrawa kawai idan wurin yana sama da digiri 30 a Bauchi kuma rana ta faɗi.

Lissafin dushewa

Ma'aunin hasken taurari a juye yake: lamba na ƙaruwa, haske na raguwa. A ƙauye mai duhu ido yana kaiwa 6. Kowane mataki biyar ninki ɗari ne. Shafaƙi kuwa ba ya dushewa da awa-awa, da ninkin lokaci yake dushewa. Ƙa'idar ita ce ƙarin mataki daidai yake da 2.5 sau alfa sau logaridim na ninkin lokacin, alfa kuma, wato lambar da ke nuna saurin dushewa, a ranar farko yakan zama tsakanin 1 da 1.3. Ɗauki 1.2. Duk lokacin da shekarun shafaƙin suka ninka sau goma, ya yi asarar mataki uku. Idan yana 16 a minti na 10, zai zama 19 a minti na 100, ya zama 22 bayan awa 17. Madubi mai santimita 20, idan aka tara hotunan rabin awa a dare mai kyau, yana kaiwa wajen 19. Ke nan ƙasa da awa biyu gare ka. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a nan kuwa wanin shi ne mai madubin mita takwas a Chile.

Akwai waɗanda suka fita zakka. GRB 080319B ya kai 5.3 na kusan rabin minti, ido zai iya ganinsa daga nisan shekarun haske biliyan 7.5. GRB 030329 ya yi haske har masu ƙananan madubai suka bi shi kwanaki. A shekarar 2003 ɗin ma Berto Monard, wani mai sha'awar taurari a Afirka ta Kudu, ya gano shafaƙin GRB 030725 da madubinsa na gida. Amma kada a gina buri a kan waɗannan. Ka cire waɗanda suka faɗo da rana, ka cire na ƙarƙashin ƙasa, ka cire damina da kwanakin hazo, ka cire waɗanda sun yi maka rauni tun farko, abin da zai rage a shekara ba zai cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kaya, da abin da digiri 10 ke jawowa

Madubi mai santimita 20 zuwa 30 ya isa. Misali mai faɗin 20 da tsawon fokas milimita 1000, a haɗa shi da kyamara mai sanyaya kanta, baƙi da fari, mai guntun IMX533. Faɗin guntun milimita 11.3 ne, zai ba ka fili na mintin kusurwa 39, kowane ɗigon kyamara kuma sakan na kusurwa 0.78. Da'irar BAT za ta zauna a tsakiya da sauran wuri mai yawa na taurarin kwatance. Kyamara mai launi tana ɗaukar hoto mai kyau, amma awo da ita ciwon kai ne. Filta ɗaya ta wajaba, ta jan haske, wato R ta masu awo ko r ta Sloan. Shafaƙi ya fi ƙarfi ta ɓangaren ja, ƙura da hasken wata kuma sun fi cutar da shuɗi, saboda haka sayen B, filtar shuɗi, da farko asarar kuɗi ne.

Zamanmu kusa da ikwata alheri ne ta fuska ɗaya: daga digiri 50 kudu zuwa 70 arewa duk suna haura digiri 30 a samanmu, abin da mutumin Turai ko na Afirka ta Kudu ba ya samu. Ta ɗaya fuskar kuwa wahala ce. Mazaunin madubi mai bin juyawar sama dole a saita gindinsa da tauraron arewa, shi kuma a nan digiri 10 kawai ya ɗaga, katangar maƙwabci ko bishiyar darbejiya ta isa ta rufe shi, balle hazo. Mafita ita ce saitin maki uku da ke cikin manhajar N.I.N.A., wanda ba ya buƙatar ganin tauraron. Sannan mazaunai da yawa an ƙera su ne don ƙasashen da ke digiri 30 zuwa sama. Idan ka kwantar da su zuwa 10, sandar nauyi takan bugi ƙafar arewa. Wasu sukan juya ƙafafun sandar ta faɗa tsakanin biyu, sai dai kayan kan rinjaya gaba, iska kaɗan ta kifar da su. Gara a zuba ginshiƙin kankare, a ɗaure mazaunin a kai, a saita sau ɗaya a bar shi.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da mutane suka fi ƙi. Hanyar Dass ta fi cikin gari duhu, wajen Gubi ma haka, tsaunukan Tula a Gombe sun fi duka. Amma fashewa ba ta ba da sammaci. Kafin ka loda kaya, ka yi kilomita 30, ka kafa, ka saita, awa biyu ta tafi da mataki uku. Duhun daji ba zai mayar maka da fiye da mataki ɗaya ba. Ɗan ɗaki a gefen gari, mai rufin kwano da ke zamewa a kan taya, madubi a saite kullum, ya fi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun wuri abin da wannan bututun yake, don mutum tsaye da ƙaton bututu ƙarfe biyun dare yana jawo tambaya.

Wuta: kada a dogara da ta gari, kada kuma a kunna janareta kusa, girgizarsa na shiga hoto. Batiri mai bolt 12 kai tsaye, ba ta inbata ba, don inbata mai araha tana zana layuka a hoton. Mazauni yana jan amfiya 1 zuwa 2, sanyaya kyamara 2 zuwa 3, ƙaramar kwamfuta 1 da rabi, abin ɗumama gilashi saboda raɓa 1. Amfiya shida a awa takwas kusan 50 ke nan, a sayi na 100. Idan batiri ya fara rauni, mazauni ne ke fara nunawa, sai ka ga taurari sun zama 'yan sanduna.

Zafi ma da nasa. Irin waɗannan kyamarori suna sauka digiri 30 zuwa 35 ƙasa da zafin waje. A daren Disamba za ka samu 10 ƙasa da sifili cikin sauƙi, a daren Afrilu da ƙyar ka riƙe sifili. Hotunan duhu da ake cire ƙazantar kyamara da su dole su zama na sanyi ɗaya da tsawon ɗauka ɗaya da na aikin, saboda haka a tanadi jeri biyu, na hunturu da na bazara. Hotunan daidaita fili kuwa a sabunta su kowane dare na aiki a lokacin hazo, domin ƙwayar ƙura ɗaya a kan filta tana fitowa kamar zobe, idan ta faɗa kan shafaƙin ta rage masa haske ba ka sani ba. Kada a goge madubi da tsumma, ƙurar hunturu yashi ce, a hura ta da abin hurawa na roba. Mafi kyawun lokaci a nan shi ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ruwa ya wanke sama, hazo bai sauka ba, sai dai raɓa da hayaƙin ƙona gonaki.

Idan ƙararrawa ta buga

A kwafe lambobin wurin kai tsaye, kada a rubuta da hannu. Alamar ragi ɗaya da ta ɓace ta kai ka wani ɓangaren sama. A tura madubi, a ɗauki hoton sakan biyar, a bar manhajar ASTAP ta gane taurarin ta gyara saiti. A fara ɗauka nan take, duba hoto daga baya ne. Idan ba a kai minti 10 da fashewa ba, sakan 20 ko 30 kowanne, ba filta a 'yan farkon don a san ko akwai abu, sannan a sa R a zauna a kanta. Bayan rabin awa a koma sakan 60, bayan awa ɗaya 120 zuwa 180. Abin lura shi ne kada tsawon abin da za ka tara a matsayin awo ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na lokacin da ya shige tun fashewa. Idan ka tara rabin awa alhali shafaƙin yana da minti 20, ya dushe da kusan mataki ɗaya a cikin hotonka, lambar da za ka fitar ba ta kowane lokaci ba ce. Tsakanin hoto da hoto a ɗan gusa madubin da ɗigo biyar ko goma.

Agogo shi ne inda aka fi faɗuwa. Duk lokutan GCN na UT ne, wato agogon GMT, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Idan kwamfuta ta rubuta agogon gida a kan hoto, awon awa biyu ya koma na awa uku, kuskuren ya kai rabin mataki, ya ninka kuskuren awonka sau biyar ko fiye. Mai haɗa bayanai zai ga kamar shafaƙin ya sake haskawa. A daidaita agogon kwamfuta ta intanet ko da ƙaramar na'urar GPS kafin dare, a buɗe bayanan da ke kan fayil ɗin hoton (FITS) a tabbatar UT ne a ciki. Lokacin da ake ba da rahoto kuma na tsakiyar ɗauka ne, a ƙirga daga sakan ɗin fashewa.

Ganin ɗigo a cikin da'ira ba shi ne ganin shafaƙi ba. A buɗe manhajar Aladin a ɗora tsohon hoton wurin daga kundin taurari na Pan-STARRS, wanda ya rufe sama daga digiri 30 kudu zuwa arewa kuma ya fi hotonka zurfi. Idan ɗigon yana can tun da, tauraro ne. Idan babu shi, saura tambayoyi uku. Yana cikin kowane hoto, ko ɗaya kawai? Na hoto ɗaya mai kaifin baki ƙwaya ce mai caji daga sararin samaniya ta bugi kyamara. Yana tafiya tare da taurari idan ka gusa madubi, ko yana manne a ɗigo ɗaya? Mai mannewa lalataccen ɗigon kyamara ne, amfanin gusawar ke nan. Yana matsawa a hankali cikin rabin awa? Dutsen sama ne, a duba shafin Minor Planet Center. Bayan wannan, idan ya faɗa cikin ƙaramar da'irar XRT kuma yana raguwa, to shi ne.

Awo da kwatance ake yi. A manhajar AstroImageJ a zana da'ira a kan shafaƙin, faɗinta kusan ɗaya da rabi na kaurin tauraro, da zobe a kewaye don auna hasken fili. A zaɓi taurari biyar ko shida na kusa, masu haske amma waɗanda ba su cika kyamara ba, a ɗauko lambobinsu na r daga kundin Pan-STARRS ko na APASS. Da yake duk cikin hoto ɗaya suke, hazon da ya rage wa shafaƙin haske ya rage musu daidai, sai ya fita daga lissafi. Inda wannan ke karyewa shi ne ƙasa da digiri 30, ko idan taurarin kwatancen shuɗaye ne, don ƙura ta fi cin shuɗi, sai shafaƙin ya fito kamar ya fi gaskiyarsa haske. A zaɓi masu ɗan ja.

Karanta zangunan tare

Awonka shi kaɗai ɗigo ne. Yana yin magana idan aka ajiye shi kusa da na eksire, wanda Jami'ar Lesta ta Ingila ke sakawa a intanet kyauta ga kowace fashewar Swift, cikin awoyi. A zana duka biyun a takarda mai ma'aunin logaridim ta kowane gefe, dushewar za ta zama miƙaƙƙen layi. Na eksire yakan fara da gangara mai tsanani a mintocin farko, wutsiyar fashewar ce. Sai ya kwanta kusan a miƙe na awa ɗaya ko fiye, alamar injin tsakiya bai mutu ba ko kayan baya suna riskar na gaba. Sai gangara ta yau da kullum. A tsakani yakan yi tsalle ya dawo, hasken ido bai motsa ba, wanda ke nuna tsallen daga ciki ya fito ba daga bakin karon ba.

Lanƙwasa ita ce abin nema. Idan layin eksire da na R suka karye lokaci ɗaya, alfa ta tashi daga 1 zuwa wajen 2, tsartuwar ce ta rage gudu har muka fara ganin gefenta. Daga lokacin karyewar ake lissafa faɗinta, daga faɗin kuma ainihin ƙarfin fashewar, wanda kan sauko da ninki ɗari ko fiye daga abin da aka zata da farko. Idan kuwa zango ɗaya ne ya karye, da ɗan canji na kusan 0.25, iyakar sanyin ilektiron ce ta ratsa ta wannan zangon. Ba a bambance biyun sai an san lokacin da layin R ya juya, kuma sau da yawa juyawar tana faɗawa a awoyin da gari ya waye a Asiya, La Palma kuma tana cikin gajimare. Tsakanin Maroko da Afirka ta Kudu madubin da ke wannan aiki kaɗan ne. Gurbin Bauchi ke nan.

Rashin gani ma awo ne. Idan XRT ta ga eksire mai ƙarfi kai kuma ba ka ga komai ba har 19 a minti na 20, ko dai ƙurar galaksin da abin ya faru ta rufe shi, ko yana da nisan gaske. Iskar haidurojin da ke hanya tana shanye duk hasken da ya gaza nanomita 121.6 a inda ya taso, faɗaɗar sararin samaniya kuma tana miƙa wannan iyaka. A nisan da zango ya ninka sau bakwai, iyakar ta kai nanomita 850, R ba za ta ga komai ba. Haka GRB 090423 ya kasance, ba a gan shi ba sai a zangon da ya wuce ja, aka gano ya fashe duniyar taurari tana da shekara miliyan 630 kacal. Rahoton "ban gani ba har mataki kaza" da wuri shi ke sa manyan madubai su canza na'ura.

Gajerun fashewa, waɗanda ba su kai sakan biyu ba, galibi karon taurarin niyutiron biyu ne, shafaƙinsu ya fi ƙarfin ƙaramin madubi. Na 17 ga Agusta 2017, wanda ya zo sakan 1.7 bayan girgizar sararin da na'urorin LIGO da Virgo suka ji, ya bi tsari na daban don tsartuwar ba ta saito mu ba: eksire bai fito ba sai kwana 9, rediyo kwana 16, suka yi ta ƙaruwa har wata biyar. Hasken idonsa ya kai wajen 17, sai dai tsakiyar Agusta ne, kowa ya san samar Bauchi a lokacin. Rediyo aikin manyan tasoshin sauraron sama ne irin MeerKAT da VLA, amma shi ya fi daɗewa. Na GRB 970508 ya yi ta ƙyalƙyali kamar tauraro na kusan wata guda sannan ya daina, alamar ya kumbura ya wuce girman da ke ƙyalƙyali, hujjar farko ta gudun faɗaɗarsa.

Rahoto ga GCN gajere ne, da Turanci, kuma sai wani mai aikawa ya tsaya maka kafin a buɗe maka ƙofa. A faɗi sunan fashewar, faɗin madubi, inda yake, filta, lokacin farawa a UT, mintoci daga fashewa zuwa tsakiyar ɗauka, yawan hotuna da tsawonsu, matakin haske da kuskurensa, kundin da aka yi kwatance da shi, da ko an cire tasirin ƙurar galaksinmu ko ba a cire ba. Hoton da ba filta a ce ba filta, kada a kira shi R. Kafin ranar ta zo, a riƙa gwaji da tsofaffin sanarwa: wani ya turo maka lambobi ba zato, ka danna agogo, ka ga minti nawa ne daga ƙarar waya zuwa hoton farko. Idan ya wuce biyar, a duba inda lokacin ke tafiya. Yawanci sanyaya kyamara ne da neman fokas, saboda haka a dare mai kyau a kunna su tun Magariba a bar su a kunne.